Ƙarar da Mardiyya Ta Kai

A unguwar Kusugu ta cikin garin Daura, idan aka ce gidan mai, kowa ya san gidan Iya Hajo ake nufi. Tun mijinta yana raye take matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, da ya rasu kuma sana'ar ce ta ci gaba da riƙe gidan. 'Ya'yanta biyu ne, duka maza. Babban shi ne Uwaisu, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "yaron nan". Ƙaramin shi ne Maharazu, tela a bakin kasuwa. Akwai tazara mai yawa tsakaninsu, har baƙo yakan ɗauka ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Uwaisu fataucin shanu yake yi. Da farko yakan yi lodi a kasuwar Mai'aduwa, ya bi mota zuwa Fatakwal, ya sayar ya dawo. Sannu a hankali zamansa na can ya fi na gida tsawo, har ya samu wurin zama a kasuwar shanun garin, ya daina zuwa. Matarsa Mardiyya tana nan a ɗakinta na cikin gida, kusa da na Iya. Ba za a ce ya yar da ita ba. Duk sa'ad da motar da ya sani ta juyo daga kudu, direban zai tsaya ƙofar gida ya sauke shinkafa da manja da sabulu, in sallah ta matso a haɗo da atamfa. Bayan wasu shekaru labari ya zo cewa ya yi aure a can. Mardiyya ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da juya gyaɗa a kasko.

'Yar Zango ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Ɗa ɗaya ta taɓa haifa, ƙyanda ta ɗauke shi tun kafin a yaye shi. Iya Hajo tana sonta so na gaske, ko da yake ba ta faɗa. In an yaba man gidan, takan ce ai hannun yarinyar nan ne. A shekarun nan da aka dawo da Shari'a, makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita a gari, Mardiyya ta nemi izini ta shiga ta bayan layinsu, Iya ta ce ta je.

Wata ranar Talata da hantsi, suna tsakar gida su biyu suna matse tunkuza, mai yana tsiyaya cikin kwano, sai Mardiyya ta tsayar da hannu.

"Iya, akwai maganar da nake so in yi, amma ina jin nauyinki."

"Faɗi mana. Wani ne ya ɓata miki?"

"Ba kowa. Ina so in kai ƙara wurin alƙali ne. A kan yayan Maharazu."

Iya Hajo ta ɗago kai ta dube ta. Da fari ta ɗauka kunnenta ne bai ji daidai ba.

"Ƙara? Me kika rasa a gidan nan? Ci ne ko sutura?"

"Ban rasa ko ɗaya ba."

"To, auren da ya yi ne ya tsaya miki a rai?"

"Wallahi ba shi ba ne, Iya. Ya auri uku ma, halalinsa ne." Ta sunkuyar da kai, tana murza tunkuza a tafin hannu. "Tunkiyar can da ke ɗaure ma ana ba ta dusa da ruwa safe da yamma. Ni aure aka kawo ni. Wannan damina ce ta shida ban sa shi a ido ba. Ni mace ce, lafiyata ƙalau. Shi da ya ga ba zai iya zama haka ba, ya samo wa kansa mafita a can. Ni fa, Iya?"

Kunya ta rufe tsohuwar har ta ji kunnuwanta suna zafi. A tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin mace ta furta irin wannan magana da bakinta ba, balle suruka a gaban uwar miji.

"Ke Mardiyya! Wannan wace irin magana ce?"

"Ki yi haƙuri, Iya, bari in ƙarasa tunda na fara. Shekaruna sun haura talatin. Shi ko ya yi furfura, ya riƙe sanda, zai iya samun haihuwa. Ni nawa lokacin yana da iyaka. Duk wata in na ga al'ada sai in ce wani kuma ya tafi. Baba ya aika masa, ni ma na je wurin masu waya na yi magana da shi ba sau ɗaya ba. Kullum amsar ɗaya ce, bayan sallah. Ba na son in zauna har zuciya ta kai ni inda Allah ba ya so."

Iya ta miƙe. Ta ɗauki kwanon man ta shige ɗaki, ta bar ta da sauran aikin.

Kwanakin da suka biyo baya, gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Iya Hajo ta sha kunu, tana ganin an zubar mata da mutuncin gida. Amma maganar ta ƙi barin ta. Tana tankaɗe, maganar na nan. Tana lazimi, maganar na nan. Abin da ya fi damun ta shi ne ba ta iya cewa ƙarya yarinyar ta yi.

Ita ma an taɓa barin ta. Uwaisu yana goye mahaifinsa ya tafi fataucin goro ƙasar Gana, ya yi zamansa. Tana da ƙuruciyarta a lokacin, jikinta a cike, ana kwatance da ita a unguwa. Da uwar mijinta ta ga tana ramewa tana yawan faɗa, sai ta jiƙa mata wasu saiwoyi masu ɗaci, ta ce ta riƙa sha, ta kuma riƙa azumin Litinin da Alhamis. Ba wanda ya tambaye ta abin da ke damun ta, ita ma ba ta san ana faɗa ba. Sai da Uwaisu ya isa shiga gona sannan mutumin ya dawo, da labarin 'ya'yan da ya bari a can. Ta haifi Maharazu, daga nan haihuwa ta tsaya. Da wannan haƙurin take tinƙaho duk tsawon shekarun nan, tana ba amare labarinsa a gidan biki. Yanzu ta zauna ta dube shi da kyau, ta tambayi kanta wa ya amfana da shi. Ta tuna 'ya mace da ta yi ta roƙon Allah ya ba ta.

Mardiyya ta shigar da ƙarar. Kafin mako ya zagayo magana ta karaɗe unguwa. Maharazu ya shigo da azahar ya cika ya yi fam, ko igiyar awon ɗinki da ke rataye a wuyansa bai cire ba.

"Iya, kina zaune za a tona mana asiri? Sammaci aka kawo mini shago, wai in tsaya wa Yaya tunda ba ya gari. Mutane sai kallona suke. Me aka rage ta da shi?"

"Ta ce mijinta take so ya dawo."

"To ai neman abinci ya je! Iya, namiji daban, mace daban. Namiji ba zai iya zama ba iyali ba, kowa ya sani. Ita mace an halicce ta da haƙuri, in dai ta ci ta sha, ba abin da ke damun ta."

Iya Hajo ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"Maharazu, ka taɓa zama mace?"

"Iya..."

"Tambayarka na yi. Tunda ka san abin da ke damun mace da wanda ba ya damun ta."

Ya ce shi dai zai je ya faɗi gaskiya, cewa yayansa bai gaza da komai ba. Ta ce ya je ya faɗa.

Washegari maƙwabciyarta Yelwa ta zo sayen mai, ta zauna bisa turmi ta ƙi tashi.

"Hajo, ni tausayinki nake ji. An ce waɗannan matan 'yan boko da ake ji a rediyo, masu cewa mace daidai take da namiji, su ne suka hure mata kunne. In ba haka ba ina 'yar mutunci ina faɗin wannan abu gaban maza?"

"Ba ta ce ita daidai take da namiji ba," in ji Iya, tana tsiyaya mai a kwalba. "Da daidai suke da ita ma ta yi wani auren tana zaune. Bambancin ne ma ya kai ta."

"To wa ya koya mata?"

Wannan tambayar Iya ta riga ta yi wa Mardiyya da kanta, da safiyar ranar, karo na farko da ta sake mata fuska. Mardiyya ta ce malamarsu ta Islamiyya ce ta ba su labarin yadda Sayyadina Umar ya tambayi 'yarsa tsawon lokacin da mace za ta iya jure rashin mijinta, da ta faɗa masa ya hana a riƙe mayaƙa a fagen fama fiye da haka. Ta ce ranar da ta ji wannan, a hanya ta yi ta kuka cikin hijabi, don ashe abin da take ɓoyewa kamar cuta, shugaban Musulmi ya taɓa tambaya a kansa. Iya ta maimaita wa Yelwa labarin kamar yadda ta ji shi.

Yelwa ta ce, "Ikon Allah. Mu dai ba a gaya mana ba." Ta ɗauki kwalbarta ta fita.

Ranar zaman kotu, Malam Amadu mahaifin Mardiyya ya iso daga Zango tun da sassafe. Dattijo ne manomi, ya tsuguna a zaure ya gaida Iya, ya kasa haɗa ido da ita.

"Hajiya, ki gafarce mu. Na yi na yi da ita ta bari, ta ce in dai ban hana ta da bakina ba za ta je. Ni kuma na duba, ban ga inda zan tsaya in hana ta ba."

Suka tafi shi da 'yarsa. Iya ta tsaya tsakar gida ita kaɗai. Ta hura wuta, ta ɗora kasko, ta zuba gyaɗa. Sai ta tuna irin ɗakin da yarinyar za ta shiga: alƙali namiji, magatakarda namiji, masu ƙara da masu kallo duk maza, ga ubanta, ga ƙanin mijinta. A nan za ta tsaya ta faɗi abin da ta faɗa mata. Ta sauke kaskon, ta yayyafa wa wutar ruwa, ta ɗauko babban mayafinta na zuwa unguwa.

Ba ta taɓa shiga kotu ba. Ta tarar da ɗaki mai bencina, cike da mutane, ana ƙarasa wata shari'ar iyakar gona. Ta samu gefe a bayan wasu mata biyu ta zauna. Da aka kira ƙarar, Mardiyya ta miƙe cikin hijabinta ruwan toka, Maharazu ya tsaya ɗaya gefen. Alƙalin dattijo ne siriri mai farin gemu, yana magana a hankali har sai an kasa kunne.

"Mijinki yana ciyar da ke?"

"Yana ciyarwa, Allah ya gafarta Malam."

"Tufafi fa? Wurin kwana?"

"Duk yana yi."

"Ya taɓa dukan ki ko zagin ki?"

"Bai taɓa ba."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Alƙali ya ɗaga ido, dariyar ta mutu.

"To me kike nema a wurin Shari'a?"

Mardiyya ta gyara bakin hijabinta. Da muryarta ta fito, ba rawa a cikinta.

"Allah ya gafarta Malam, haƙƙina na aure nake nema. Shekara shida rabona da mijina. Ni mai lafiya ce, ina da buƙata irin ta kowane ɗan Adam, kuma ina tsoron saɓa wa Ubangijina. Ina son haihuwa, lokacina kuma yana wucewa. Ban zo don in ɓata shi ba, mutumin kirki ne. Ko ya dawo, ko ya ɗauke ni, ko ya sawwaƙe mini."

Malam Amadu ya dafe goshi. Wani mai rawani a benci na gaba ya ce a'uzubillahi ƙasa-ƙasa. Iya kuwa ba kunya ta ji ba wannan karon. Ta dubi yarinyar tsaye, kai a ɗage daidai gwargwado, ba tsiwa ba rusunawa, ta ce a ranta: a gidana wannan take.

Maharazu ya yi nasa bayanin, ya lissafa shinkafa da manja da atamfa. Alƙali ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi yaushe rabon yayansa da gida. Ya ce shi ba zai iya tunawa ba, amma ba a daɗe can ba. Alƙali ya ce to ana buƙatar wanda zai tabbatar da tsawon tafiyar, ban da mahaifin mai ƙara.

Iya Hajo ta miƙe. Gwiwoyinta suka yi ƙara.

"Ni zan faɗa."

Maharazu ya juyo, idanunsa suka fito. "Iya!"

"Baiwar Allah, matso," in ji alƙali. "Wace ce ke?"

"Sunana Hajo. A gidana take zaune."

"Mene ne tsakaninki da wanda ake ƙara?"

"Ni na haife shi."

Aka fara gunaguni. Alƙali ya ce saboda rubutu, sai ta faɗi sunan wanda take magana a kansa. Shekara arba'in da wani abu sunan nan bai taɓa bi ta bakinta ba.

"Uwaisu," ta ce. "Uwaisu ɗan Abdulrazak. Ɗana ne na fari. Rabonsa da Daura tun shekarar da aka fara Shari'ar nan, da kaka ya tafi. Abin da yarinyar nan ta faɗa gaskiya ne, ba ta ƙara ko kalma ba. Tana gabana dare da rana, ban taɓa ganin ta da abin zargi ba. Kuma Allah ya gafarta Malam, ni na san abin da take faɗi, don ni ma mace ce."

Alƙali ya daɗe yana kallon ta. Ya juya ga Maharazu ya tambaye shi ko yana musun abin da mahaifiyarsa ta ce. Maharazu ya sunkuyar da kai ya ce ba ya musu.

Sai alƙali ya yi bayani a taƙaice. Ya ce aure ba ciyarwa kaɗai ba ne, kuma malamai sun yi magana a kan mijin da ya daɗe ba ya nan ko da yana aiko da abinci. Ya ce za a rubuta wa Uwaisu, a ba shi wata biyu: ya dawo ga matarsa, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sake ta. In wa'adin ya cika bai yi ko ɗaya ba, kotu za ta raba auren. Ya dubi mutanen da ke bencina ya ƙara da cewa wadda ta zo ta nemi halal da bakinta ba abar dariya ba ce.

A waje Mardiyya ta durƙusa gaban Iya tana kuka, ta kama gefen mayafinta. Iya ta ce, "Tashi, mutane na kallo. Na bar gyaɗa a kasko." Suka jero tare har gida, ta tsakiyar kasuwa, ba ta bayan layi ba.

Wa'adin bai cika ba Uwaisu ya zo. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari. Ya shigo da la'asar ya tsuguna ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, suka gaisa.

"Iya, an ce ke kika tsaya gaban alƙali a kaina."

"Ni ce."

"Har can labarin ya je. Abokan sana'a suna yi mini dariya."

"Za su gaji su daina. Kai dai ka amsa mini, da aka ce ka yi aure a can, me ya sa ka yi?"

Ya sosa ƙeya. "Iya, ai kin sani. Namiji shi kaɗai a bariki..."

"To ita da ka bari nan, da itace aka sassaƙa ta?"

Sai ya ce, cikin muryar da ta yi sanyi, "Wallahi Iya ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni dai ina ganin tunda ba ta rasa komai ba, tana wurinki, lafiya take."

"Na sani. Mahaifinka ma bai taɓa kawowa ba, Allah ya jiƙansa."

Ya ɗago ya dube ta, ita kuma ta kau da kai ta ce ya je matarsa na jira.

Sun daɗe suna magana a ɗakin Mardiyya, labule a ɗage. Iya ba ta kasa kunne ba, amma ba ta ji an ɗaga murya ba. Daga baya Mardiyya ta gaya mata yadda suka yi. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, rayuwarsa ta koma can, ga 'ya'ya ƙanana, ɗaki ɗaya yake haya, ba inda zai sa ta. In ya ce zai riƙa zuwa akai-akai, ya san ba zai cika ba. Ta ce ta gode da bai yaudare ta ba. Ya nemi ta yafe masa, ta ce ta yafe. Washegari ya je gaban alƙali ya sake ta saki ɗaya, ya ce duk abin da ke ɗakin nata ne. Da zai koma ya zo ya yi wa Iya sallama. Fuskarsa ba walwala, ita ma zuciyarta ba daɗi, don ɗa ɗa ne. Ta sa masa albarka, ta cika masa galan da mai.

Malam Amadu ya zo zai tafi da 'yarsa, Iya ta ce a'a, a ɗakinta za ta yi idda kamar yadda addini ya ce, kuma ba wanda zai ce korar ta aka yi. Haka aka yi. Suka ci gaba da sana'arsu. Wasu matan unguwa suka daina sayen mai a gidan, wasu kuma da ba su taɓa zuwa ba suka fara zuwa, su sayi na kaɗan, su daɗe a ɗakin Mardiyya ana magana ƙasa-ƙasa. Maharazu ya yi wata guda ba ya cin tuwon gidan, sannan ya dawo da kansa.

Bayan idda manema suka fito, abin da Yelwa ta rantse ba zai faru ba. Mardiyya ta zaɓi wani Malam Sada, mai awon hatsi a kasuwar Zango, wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu. Kafin ta amsa masa ta tambaye shi ko sana'arsa tana kai shi nesa. Ya ce mafi nisa Mai'aduwa, kuma a gida yake sallar magariba. Da ya zo gaida Iya Hajo, ta yi masa tambayoyi har gumi ya karyo masa, sannan ta ce ya yi. Ita ta yi wa amarya gara, da man da suka matsa tare.

Shekara ta zagayo ba labari. Iya ta fara damuwa a ɓoye, tana cewa ko an makara. Ana cikin damina ta biyu sai ga saƙo daga Zango, Mardiyya ta sauka lafiya, an samu mace.

Iya Hajo ta rufe sana'a. Ta ɗaure kanwa da yaji da gero na kunu, ta fito da kayanta zaure tana neman wanda zai kai ta tasha. Sai ga Maharazu da babur ɗinsa, ya ɗaure wata leda a gaba. Ta tambaye shi mene ne a ciki, ya ce 'yan riguna ne na jarirai da ya ɗinka da ragowar yadi, ba wani abu ba ne.

"Hau in kai ki, Iya. Motocin nan sai sun cika suke tashi."

Suka bi hanyar Zango, gero ya yi kai a dama da hagu. A gidan Malam Sada mata sun cika tsakar gida. Mardiyya tana zaune bakin gado, ta yi fayau, tana ganin Iya ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna, ke da ɗanyen jiki."

Aka miƙo mata jaririyar cikin zani. Ja ce jawur, gashi kwance luf, ta dunƙule hannu. Za a sa mata Adawiyya ranar suna. Iya ta daɗe tana kallon ta, ta tofa mata addu'a a ka. Wata dattijuwa daga dangin Malam Sada ta matso ta tambaya a hankali ko wannan ce kakar ta wajen uwa.

"Uwar tsohon mijina ce," in ji Mardiyya, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Matan suka dubi juna. Iya Hajo ba ta bi ta kansu ba. Ta miƙa jaririyar, ta fita tsakar gida ta tsoma yatsa a tukunyar ruwan wankan mai jego, ta yamutsa fuska.

"Wa ya dafa wannan? Da wannan za a gasa mata jiki? Ku ƙaro itace." Ta cire mayafi ta rataye a igiya, ta gyara ɗaurin zani. "Maharazu, ka koma kawai. Sai an yi arba'in ka zo ka ɗauke ni."